Kimiyya a Tsakar Gida: Kyanwarmu na tari, gashi ne ya maƙale mata?

  

Wannan makon wasiƙa ce ta zo mana daga Kabo, daga wata ɗaliba 'yar aji biyu a babbar sakandare. Ta ce suna da kyanwa da ta kai shekara uku a gidansu, ita ke gadin buhunan masara da dawa a ɗakin ajiya. Tun shigowar sanyi kyanwar ta kan durƙusa, ta miƙe wuya kusa da ƙasa, ta yi ta wani busasshen tari kamar za ta yi amai, amma babu abin da ke fitowa. Kakarsu ta ce gashin da take lasa ne ya maƙale mata, a ɗura mata manja. Babansu kuma ya ce a sa ta a buhu a kai ta bayan gari tun kafin ta shafa wa yara tarin fuka. Ɗalibar ta rufe wasiƙarta da tambaya: wane ne ke da gaskiya, kuma me za ta yi?

Ƙanwata, na gode da wannan tambaya. Kaka ta faɗi wani abu da yake faruwa da gaske, kuma tsoron Baba tsoro ne na uba mai son 'ya'yansa. Sai dai yadda kika kwatanta abin, ina jin ba gashi ne ke damun kyanwarku ba. Bari mu bi shi daki-daki.

Daga ina gashin yake shiga?

Duk wanda kyanwa ta taɓa lasar hannunsa ya ji kaushin harshenta. Wannan kaushin wasu 'yan ƙayoyi ne da suka jeru a kan harshen, kowace tsawonta kusan milimita 2 ne, kuma duk sun karkata baya, wato wajen maƙogwaro. A 2018 wasu masu bincike biyu, Alexis Noel da David Hu, na wata jami'ar fasaha a jihar Jojiya ta Amurka, sun duba harsunan dabbobi iri shida na dangin kyanwa, har da zaki. Sun gano cewa bakin kowace ƙaya yana da ɗan kwarmi kamar ƙaramin ludayi, wanda ke ɗebo yawu ya kai shi har gindin gashi. Kyanwar gida tana da irin waɗannan ƙayoyi kusan 300. Ke nan harshenta shi ne matajinta, shi ne sosonta, shi ne kuma ruwan wankanta.

Matsalar ita ce ƙayoyin sun kalli ciki. Duk gashin da ya kama a kansu ba ta iya tofar da shi yadda ku za ku tofar, dole ta haɗiye. Shi kuwa gashi da sinadarin karatin aka yi shi, irin wanda ke cikin farcenku da ƙahon saniya, kuma ruwan cikin da ke narkar da nama ba ya iya narkar da shi. Mafi yawansa yakan bi hanji ya fita tare da kashi ba tare da kowa ya lura ba. Wani lokaci kuma sai ya taru a ciki, ya cure, har jiki ya ga babu mafita sai a dawo da shi ta baki.

Wanda ya taɓa ganin wannan curin ya san ba mulmulalle ba ne kamar ƙwallo. Dogo ne kamar ɗan yatsa, jiƙe da ruwa mai yauƙi, wasu har sukan ɗauka kashi ne. Ya yi tsawo ne saboda ya matso ta cikin siririn bututun abinci. Ba kyanwa kaɗai ke yin sa ba. Ku tambayi mahauta a kasuwar Getso ko a mayankar garinku, za su ba ku labarin dunƙulen gashi da sukan tarar a tumbin shanu da maruƙa, ban da tulin leda da ake cirowa daga cikin awaki da tumaki.

To a nan Kaka ta yi daidai: kyanwa na haɗiyar gashi, kuma takan amayar da shi.

Ƙofa ɗaya, hanya biyu

Ku tuna darasin Bayoloji kan numfashi da narkewar abinci. Daga maƙogwaro hanya ta rabu biyu. Ɗaya bututun abinci ne da ya gangara ciki, ɗaya kuma bututun iska ne da ya tafi huhu, da ɗan murfi a bakinsa da ke rufewa idan ana haɗiya. Curin gashi a ciki yake zama, ta bututun abinci yake fitowa, don haka amai ne. Tari kuwa aikin hanyar iska ne, jiki ne ke ƙoƙarin fatattakar wani abu daga bututun iska ko huhu. Babu gashin da ke taruwa a huhun kyanwa har ta yi tarinsa. Abin da ke ruɗa mutane shi ne duka biyun a durƙushe take yin su, kuma sautinsu ya yi kama ga kunnen da bai saba ba.

Ga yadda za ku bambance. Idan amai ne, za ku ga ta fara lasar baki tana haɗiyar yawu, sai cikinta ya riƙa motsi da ƙarfi, yana shiga yana fita, tana kakari, a ƙarshe wani abu ya faɗo ƙasa: gashi, ko abinci, ko ruwa mai launin ɗorawa. Daga nan sai ta miƙe ta ci gaba da harkarta. Idan kuwa tari ne, za ta kwantar da ƙirji kusa da ƙasa, ta miƙe wuya da kai gaba, iska na fita a bushe sau da yawa a jere, wani lokaci da ɗan fito siriri a ƙirji. A ƙarshe sai ta haɗiye, babu abin da ya faɗo, ko kuma ɗan kumfa kaɗan.

Ƙanwata, ki sake karanta wasiƙarki. Kin ce tana miƙe wuya, tarin a bushe yake, kuma ba a taɓa ganin gashi a ƙasa ba. Wannan siffar tari ce. Ka'idar da nake so kowa ya riƙe ita ce: idan an ce gashi ne, to a nuna gashin. In an yi mako biyu ana abu ɗaya ba a ga gashi ba, a daina zargin ciki, a koma kan huhu.

Me ke sa kyanwa tari?

Babban abin da likitocin dabbobi suka fi zargi a irin wannan hali shi ne asma. Kyanwa na kamuwa da asma kamar mutum. Ƙananan hanyoyin iska na cikin huhu su kumbura, su tsuke, majina ta taru, numfashi ya yi wuya. Abin da ke tayar da ita kuwa duk yana tsakar gidanmu a wannan lokaci. Ku duba inda kyanwa ke kwana da sanyi: gindin murhu, cikin toka mai ɗumi, inda hayaƙin itace da kara ke turnuƙewa. Da dare ta shige ɗaki, a rufe ƙofa da taga, ga kaskon gawayi, ga turaren wuta, ga maganin sauro na kunnawa. Da rana ga ƙurar hunturu, ga ƙaiƙayin dawa da gero da ke tashi wajen sussuka da shiƙa a ƙauyukan Gwarzo da Kabo bayan kaka. Hancin kyanwa bai fi taƙi ɗaya daga ƙasa ba, duk ƙurar da tsintsiya ta tayar ita ke fara shaƙa. Kin ce tarin ya fara ne da shigowar sanyi, wannan ma alama ce.

Abu na biyu tsutsa ce. Akwai wata tsutsa da ke zama a huhun kyanwa. 'Ya'yanta na girma a jikin katantanwa, ɓera ko ƙadangare ko kwaɗo ko tsuntsu ya ci katantanwar, kyanwa kuma ta ci shi. Kyanwa mai farauta irin taku tana cikin waɗanda suka fi haɗuwa da ita. Maganinta yana wurin likitan dabbobi, kuma tana warkewa.

Na uku mura ce, wadda ke zuwa da atishawa, majina da kwantsa a ido, musamman ga ƙananan kyanwoyi. In ta yi tsanani takan sauka huhu. Na huɗu kuma wani abu ne ya maƙale da gaske: ƙayar kifi, tsinken ciyawa, ko zare. Gidajen da ake ɗinkin hula su kula sosai. Kyanwa na son wasa da zare, kuma waɗancan ƙayoyin harshe ba sa barinta ta tofar da shi, har da allurar takan haɗiye. Idan kun ga zare na leƙowa daga bakinta ko ta bayanta, kada ku ja, domin yana iya yanka hanji. A kai ta wurin likita a ranar.

Kuskuren da na yi a Gwarzo

Ina aji ɗaya a ƙaramar sakandare a Gwarzo muna da wani muzuru fari mai baƙin tabo a goshi. Ni na raine shi tun yana ɗan tsurut. Wani hunturu ya fara irin wannan tarin, kowa a gida ya ce gashi ne. Na kama shi na ɗura masa manja da cokali, yana fizge-fizge yana shaƙewa. Da na ga bai daina ba, kuma jikinsa da ɗumi, sai na ce zazzaɓi ne. Na ɓare ƙwayar farasitamol, na daka rabi, na cuɗa masa a kifi. Washegari fuskarsa ta kumbura, dasashinsa ya yi duhu, yana numfashi da kyar. Kwana biyu ya mutu a bayan randa. Na yi kuka, na ɗora wa gashi laifi. Sai da na girma na karanta na gane cewa da hannuna na kashe shi, ina ganin taimako nake yi.

Hantar mutum tana da sinadarin da ke warware farasitamol ya fita daga jiki. Hantar kyanwa ba ta da isasshensa, saboda haka maganin yakan zama guba, ya lalata jininta har ya kasa ɗaukar iska. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 ta isa ta kashe babbar kyanwa. Don Allah kada wanda ya ba kyanwa maganin mutane, ko na ciwon kai, ko na tari, ko na mura.

Haka ɗurar mai. Idan aka danne kyanwa aka ɗura mata manja ko man gyaɗa tana turjewa, man na iya kuskure hanya ya bi bututun iska ya sauka huhu, ya haifar da ciwon da ya fi na farko. Tafarnuwa da albasa, da mu muke sha don mura, suna farfasa ƙwayoyin jinin kyanwa. Madara kuma takan sa yawancin manyan kyanwoyi zawo, ba ta kuma wanke komai a maƙogwaro. Fiya-fiya da maganin ƙuma na karnuka su ma guba ne gare ta.

Maganar tarin fuka

Yanzu ga amsar da za ki kai wa Baba, cikin ladabi. An daɗe ana cewa wanda ya haɗiyi gashin kyanwa zai yi tarin fuka. Tarin fuka ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wadda wani likita Bajamushe, Robert Koch, ya gano a 1882, kuma hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce daga mutum zuwa mutum ta iska, idan mai ɗauke da ita ya yi tari. Gashi ba ya haifar da ita. Asmar kyanwa ba ta yaɗuwa ga kowa, kuma ƙwayoyin da suka fi sa ta mura ba sa kama mutum. Duk wanda ya yi mako biyu yana tari a gida, asibiti ya kamata ya je a gwada shi, gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Korar kyanwa ba za ta warkar da shi ba.

Amma maganar mutane ba ta rasa tushe. Akwai waɗanda jikinsu ba ya jituwa da kyanwa, da ta matso sai atishawa, ido ya yi ja, mai asma kuma ta tashi. Abin da ke jawo haka wani sinadari ne da ke cikin yawunta da fatarta, wanda take shafa wa gashinta idan tana lasa. In akwai mai irin wannan a gidanku, a hana kyanwar shiga ɗakin kwanansa da hawa shimfiɗarsa, ya kuma riƙa wanke hannu in ya taɓa ta.

Sannan ki tuna wa Baba aikin da take yi. Ranar da aka kai ta bayan gari, ranar ɓeraye za su yi biki a ɗakin ajiya. Daga nan sai a sayo shinkafar ɓera a barbaɗa a gidan da ke da yara masu rarrafe da kaji. Hayaƙin da ke sa kyanwa tari kuma shi ne dai ƙannenki ke shaƙa duk dare. Tarin nata gargaɗi ne ga mutanen gidan gaba ɗaya.

Aikin gida

Ga abin da nake so ki yi, da duk mai kyanwa a cikinku. Ku ware shafi ɗaya a bayan littafi. Duk lokacin da abin ya taso ku rubuta rana da lokaci, tsawon da ya ɗauka, ko wani abu ya fito, da abin da ake yi a gidan a lokacin: girki ne, shara ce, ko turare aka kunna. In akwai waya a gida, a ɗauki bidiyo. Kyanwa ba ta yin tari don an kai ta gaban likita, amma bidiyon daƙiƙa 20 zai nuna masa abin da baki ba zai iya kwatantawa ba.

Sai ƙirga numfashi. Ku bari ta yi barci sosai, ba lokacin da take gurnanin jin daɗi ba, domin shi wannan gurnanin ba ciwo ba ne. Ku kalli haƙarƙarinta. Tashi da sauka ɗaya shi ne numfashi ɗaya. Ku ƙirga na daƙiƙa 30, ku ninka biyu. In kun samu 13, ke nan 26 a minti. Lafiyayyar kyanwa mai barci ba ta cika wuce 30 a minti ba. In kullum kuna samun sama da haka, akwai magana.

A gefe guda ku rage mata hayaƙi da ƙura. A yi mata wurin kwana da kwali da tsohon tsumma nesa da murhu. A fitar da ita kafin a kunna turare ko maganin sauro. A yayyafa ruwa kafin shara. A ajiye mata ruwan sha mai tsabta kullum. Don rage gashin da take haɗiya kuma, ku samu tsohon mataji ku riƙa taje ta sau biyu ko uku a mako, ku goge ta da ɗanyen tsumma. Gashin da ya fita a mataji ba zai shiga ciki ba. Kyanwoyinmu na gida masu gajeren gashi ba su cika yin curin gashi kamar masu dogon gashi 'yan ƙasar waje ba. Saboda haka in taku tana amayar da shi a kai a kai, a duba ko ƙuma ko ƙaiƙayin fata ne ke sa ta yawan lasa, ko kuma hanjinta ne ba lafiya.

Akwai alamun da ba a jira da su. Kyanwa ba kare ba ce, ba ta haki da baki buɗe haka kawai. In kun ga tana numfashi da baki a buɗe, ko dasashinta ya yi fari fat ko shuɗi-shuɗi, ko tana ta kakarin amai ba abin da ke fita kuma ta ƙi abinci yini guda, ko ta daina kashi cikinta ya kumbura, a nemi likita nan take. A sa ta a kwali mai huji a ɗauke ta a hankali, kada a matse ta. Ku fara da malamin dabbobi na sashen gona a sakatariyar ƙaramar hukumarku. In abin ya fi ƙarfinsa, akwai asibitin dabbobi na Gwale a cikin Kano, akwai kuma Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Asma ba ta warkewa gaba ɗaya, amma da magani da rage hayaƙi kyanwa na iya yin shekaru tana kamun ɓeranta.

Gargaɗi na ƙarshe, kuma shi ya fi duka muhimmanci, don ranku ya fi na kyanwa. Kada ku taɓa zura yatsa a bakinta wai za ku ciro abin da ya maƙale. Dabbar da ke dalalar da yawu, ta kasa haɗiya, halinta ya canza, tana iya kasancewa da ciwon haukan kare, kuma kyanwa ma na kamuwa da shi. In ta cije ku ko ta yakushe ku, ku wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, ku faɗa wa manya, a tafi Babban Asibitin Gwarzo ko asibiti mafi kusa a ranar. Kada ku ɓoye don tsoron faɗa. Ba kowace ce kyanwar Lami ba, kuma ko mai haƙurin ma in ta ji wuya tana cizo.

Ƙanwata ta Kabo, ki nemi Baba ya ba ki mako biyu. Ki nuna masa wannan shafi, ki nuna masa abin da kika rubuta a littafinki, ki roƙe shi a kira malamin dabbobi kafin a ɗauko buhu. Ki gaishe da Kaka, ki ce mata ta yi gaskiya a kan gashin, manjan ne dai za a bar wa miya. Ina jiran ki rubuto mana yadda aka ƙare.

Sauran ɗalibai kuma, duk mai kyanwa ya ƙirga numfashinta dare uku a jere, ya aiko mana da lambobin tare da sunan makarantarsa da ajinsa, mu kwatanta mu gani. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu leƙa tumbin akuya, mu ga abin da leda ke yi a cikinsa. Ku huta lafiya, a yi karatu da kyau.

Naku,
Yayanku na Tsakar Gida